Amina ta Zazzau ko Sarauniya Mangu, wanne za ka sa a waya?

Salamu alaikum ƴan gurup. Ƙanena da ka yi tambaya daren jiya, sai da asuba na ga saƙonka, caji ya ƙare min tun isha'i. Ka ce forfe ɗinka, wato megar intanet da ka saya, na fim guda ne tak, kuma ka ji ana ta cacar baki a fada, majalisarmu ta shan shayi, kan fim ɗin Amina ta Zazzau da na Sarauniya Mangu, wasu na yabo wasu na tsinuwa, kana son a gaya maka wanne ya cancanci megarka kuma mi ya haɗa mutane faɗa a kansu. To ni na kalli duka biyun, na Sarauniya ma sau uku, bari in faɗi abin da idona ya gani, wanda bai yarda ba ga fili ga mai doki.

Abin da aka fi zagin fim ɗin Amina da shi shi ne harshe. Ya fito a Netflix a watan Nuwamba 2021, Izu Ojukwu ya ba da umarni, Lucy Ameh ta fito a Amina, kuma kusan duk maganar da Turanci ake yin ta, sai ɗan jefa Hausa nan da can kamar gishiri a miya. Ali Nuhu shina ciki amma shi ma Turancin yake zubawa. Mutane suka ce yaya za a yi sarauniyar Hausawa tana ba dakaru umarni da harshen Ingila, alhali a zamaninta ko ƙeyar Bature ba a taɓa gani ba a Zazzau. Gaskiya ne, ni ma ya yi min ciwo. Amma ku ƴan fadarmu da kuke ɗaga na Sarauniya kuna taka na Amina da wanga dalili, ku tsaya hwa, don na Sarauniya ma ba da Hausa aka yi shi ba. Med Hondo, ɗan asalin Muritaniya, shi ya yi shi a 1986, a Burkina Faso aka ɗauke shi zamanin Thomas Sankara ba a Nijar ba, wadda ta fito a Sarauniya Aï Keïta ce ƴar Burkina, kuma abin da kunnenka zai fi ji shi ne Julanci, harshen Julawan Burkina da Mali, da Faransanci. Kenan in harshe ne laifin, to duka biyun sun ci amanarmu, ba wanda zai yi wa wani gori. Bambancin kawai, Faransancin da ke cikin na Sarauniya a bakin Faransawa yake, inda ya dace, Julancin kuma a bakin sojojin haya baƙaƙe bai yi baƙo ba tunda da ma daga can yamma aka kwaso su. A bakin Aznan Lugu, mutanen garin Sarauniya masu bin addinin gargajiya, ne dai ya zama baƙo.

Wajen kyan hoto kam Amina ta yi gaba, ba gardama. Kala ta fito, dawaki, ƙura, kayan yaƙi masu ƙyalli, kiɗa na tashi daidai inda ake so gabanka ya faɗi, har ya ci kyautar fim mafi kyau a bikin karrama finafinan Afirka na AMVCA na 2022 a Legas. In a ƙaramin gilashin waya za ka kalla cikin dare da abin kunne, shi ne zai fi cika maka ido. Na Sarauniya tsohon aiki ne, wanda ke yawo a wayoyin mutane ma an kwafa an sake kwafa har fuskoki sun yi hazo-hazo, wani wurin rubutun fassarar da ke ƙasa ya yanke rabi. Sai dai kyan hoto daban, ka yarda da abin da kake gani daban. Ranar da muka kalli Amina a fada, mu wajen bakwai muka yi wa waya guda rumfa an jingina ta da gwangwanin sukari, shayi na biyu na kan wuta, sai ga wurin da aka nuna wani filin faɗa, an zuba ƙarti biyu suna neman ran juna jama'a na ihu a kewaye kamar finafinan Rumawa. Wani baba maƙwabcinmu da ya tsaya shan shayi, tsohon ɗan dambe ne, ya leƙo ya daɗe shina kallo sannan ya ce to ina makaɗan, ina kalangu, wa ke yi wa wa kirari? Ya kurɓe kofinshi ya tahi. Wallahi maganar nan ta fi duk sharhin da na karanta a Facebook, don abin da ya ɓace a fim ɗin kenan, in ka cire sunayen ka sa wasu zai iya zama labarin kowace ƙasa. A na Sarauniya kuwa, ko da ba ƙasarmu aka ɗauka ba, rumbunan, zanan, matan da ke daka, zafin ranar da ke sa soja ya riƙa jan ƙafa, duk ka san su, kamar ka bi hanyar ƙauye bayan Tibiri.

Sai maganar tarihi, nan ne rigimar ta fi zafi kuma nan nake son ka natsu. Amina abin da aka riƙe a rubuce game da ita kaɗan ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambace ta, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, har Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro dubu goma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo zancenta a Infaƙul Maisuri, sai ganuwowin da ake jinginawa gare ta, da cewa ɗiyar Bakwa Turunku ce. Ko ƙarnin da ta rayu masana ba su haɗu ba, wasu na 15 wasu na 16. To mai fim ya samu fili fetal, ya cika shi da soyayya da makircin fada da wata bokanya mai duba, masu kare shi suka ce ai fim ne ba darasin mushe a lakwal, wato malamin makarantar boko, ba, in ba a sa soyayya ba wa zai zauna. Masu suka kuma suka ce yaro a Brazil ko Indiya da bai taɓa jin sunan Hausa ba, wanga shi ne Hausan da zai sani har abada. Ni a nan ina tare da masu suka amma ba don an ƙara gishiri ba, kowane mai ba da labari na ƙarawa, ko kakanninmu da ke mana tatsuniya. Abin da ya dame ni gishirin ba na gida ba ne.

Na Sarauniya shi kuma a kan littafin Abdoulaye Mamani na 1980 aka gina shi, kuma abin da ya faru ba nisa, 1899 ne, da takardu da ranaku. Ayarin sojan Faransa na kaftin Voulet da Chanoine ya taso daga bakin kogin Kwara ya nufi tafkin Cadi shina ƙone garuruwa, a watan Afrilu suka yi karo da mutanen Sarauniya a Lugu can ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, a watan Mayu suka yi ɓarnar Birnin Ƙonni da har yau ba a manta ba. Faransa ta turo kanal Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ran 14 ga Yuli, bayan kwana biyu zuwa uku sojojinsu baƙaƙe suka juya musu baki suka kashe su duka biyun. Wannan hwa a jiharmu ta Maradi ne, kusa da Tasawa. Kaburburansu na Maijirgi, ni da kaina na tsaya a wurin wata shekara da motarmu ta lalace a hanyar Damagaram, wani yaro mai tallan gyaɗa ya raka ni, awaki na kiwo a gefe, na tambaye shi ko ya san su waye a ciki ya ce wasu nasaru ne mugaye. Shi ya sa duk sanda na ga wurin da Voulet ke haukacewa a fim ɗin shina cewa shi ya bar zama Bafaranshe ya zama sarkin baƙaƙe, jikina na yin sanyi, don na san inda tafiyar ta ƙare.

Amma shi ma an ƙara, kar wani ya ruɗe ka. A zahiri Faransawa sun ci Lugu sun ƙone ta, Sarauniya da mutanenta suka janye cikin kurmi, an yi musu ɓarna sosai, fim ɗin kuma sai ya bar ka da jin kamar asirinta ne ya bi su Voulet ya haukata su har suka hallaka. Wani mushen istuwar, wato malamin tarihi, da muke zama da shi kullum faɗanshi kenan, ya ce an ɗauki yaƙin yini guda an mai da shi abin da ya karya ayarin gaba ɗaya, kuma bayan mutuwar su Voulet ai sauran ayarin bai koma gida ba, kafin ƙarshen watan Yulin sun shiga Zinder. Ina ba shi gaskiya. Sai dai na ce mashi mace guda a ƙauye da kibiya ta tsaya inda manyan sarakuna masu ganuwa suka buɗe ƙofa ko suka gudu, in mawaƙi ya ƙara mata kamu biyu a tsawo ni ba zan kai ƙara ba. Kuma sarautar ba ƙirƙira ba ce, har yanzu ana naɗa Sarauniya a Lugu, dutsen Tunguma da ake shari'a da shi ma na can.

Wani abin da ke raba mutane a kan na Sarauniya, wanda a gurup ɗin nan ma na san za a taso min, shi ne addini. Ita Ba'azna ce, fim ɗin bai ɓoye ba, da tsafinta da layunta da komi, kuma ya nuna sarakunan musulmi na kewaye suna kallonta a matsayin matsafiya, sun gwammace su zura ido ko su lallaɓa nasara da su kama mata. Akwai wanda ya ce min shi ba zai bar iyalinshi su kalla ba don an ɗaukaka arna an ƙasƙantar da malamai. Ban raina damuwarshi ba, fim ɗin kam ya yi son kai a nan, kamar duk mai rawani matsoraci ne, alhali mun san Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a 1903 shina yaƙar Ingilishi. Amma mu Maradawa mu ne bai kamata abin ya ba mu mamaki ba. Garin nan ai sarakunan Katsina da jihadi ya kora su suka kafa shi, su Ɗan Kasawa, aka yi shekaru ana gwabzawa da ɓangaren Sakkwato har zamanin Ɗan Baskore, kuma a fadarmu akwai sarautar Iya, mace, wadda ƴan bori ke ƙarƙashinta, a Gobir kuma Inna. Kenan mace mai iko da ke tsakanin sarauta da iskoki ba daga littafin Bature muka ji ta ba. Na Amina shi ya kauce wa wagga rigima ta wata hanya, ya yi addinin mutanen wani iri da ba ka iya cewa ga shi, ba musulunci sosai ba, ba maguzancin da muka sani ba, kowa ya kalla ya ce wannan ba nawa ba ne.

In don nishaɗi ne tsantsa, in faɗa maka gaskiya, na Sarauniya shina da nauyin ƙafa. Wajen awa biyu ne, kuma kaso mai yawa ba ita ake nunawa ba, Faransawan ne ke tafiya suna faɗa da juna suna shan giya suna kisa, har ƙanwata da muka kalla tare ta ce yaya wai fim ɗin Sarauniya ne ko na nasaru, ina ita take? Tana da hujja. Farkon finafinan biyu ma kusan iri guda ne, yarinya ƙarama ana koya mata makami har ta girma ta gagari maza, amma Amina ta fi saurin kai ka wurin faɗa, ita kuma Sarauniya sai ka yi haƙuri. Wanda ya saba da fassarar Indiya inda kowane minti biyar mota ke tashi sama, barci zai yi. Shi dai wannan mai nauyin ƙafar shi ya ɗauki babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1987, irin wadda Oumarou Ganda namu ya fara ci a 1972.

To ƙanena, ni in ni ne kai, megar a kan Sarauniya zan kashe ta, ka samu dare mai sanyi ba hayaniya, in Faransancinka na lakwal bai gudu ba zai ishe ka. Amina kuma kar ka ɓata forfe, ka kai katin wayarka wurin masu tura finafinai a kasuwa, da ƴan canji za su sa maka, ka kalla da abokai don ya fi daɗi in ana gardama. In ka gama na Sarauniya ka zo fada da magariba, mushen istuwar na nan, na san sai ya tare ka da maganar Zinder, ka zo da sukari don namu ya ƙare.