Westminster ko St Paul's: Wane Coci Ya Cancanci Kuɗin Tikitinka a Landan?

Duk baƙon da ya sauka wurina a Landan, da zarar ya huta gajiya ya leƙa fadar Buckingham ta bayan shinge, sai ya tambaye ni tsofaffin majami'un nan da ake nunawa a talabijin ranar naɗin sarki ko jana'izar sarauniya. Wacce za a shiga? Da a ce kyauta ne da babu dogon tunani, amma manyan biyun, Westminster Abbey da St Paul's, biya ake yi, kuma ba kaɗan ba. Babban mutum zai ajiye tsakanin fam 25 zuwa 30 da 'yan kai a kowane ɗaya. Magidanci da mai ɗakinsa da yara biyu in suka ce lallai sai sun shiga duka biyun, kuɗin cefanen mako ne zai tafi a yini guda. Shi ya sa nake cewa a sayi tikiti ɗaya, a zaɓe shi da natsuwa, sauran wuraren kuma a gan su ba tare da an taɓa aljihu ba, domin suna da yawa.

Mu fara da Westminster Abbey, wanda ke maƙwabtaka da majalisar dokoki da agogon Big Ben. Tun shekarar 1066 a nan ake ɗora wa sarakunan Ingila kambi, har zuwa Sarki Charles na Uku a ranar 6 ga Mayun 2023. Ginin da ke tsaye yanzu Sarki Henry na Uku ne ya fara shi a 1245, hasumiyoyi biyun da ke fuskarsa kuwa sai a 1745 aka kammala su. Kujerar naɗin, ta katako ce da aka sassaƙa wajen shekarar 1300, tana nan kusa da ƙofar fita, duk ta ƙoƙe, har da sunayen da 'yan makaranta da baƙi suka kankara a jikinta tun ƙarnonin baya. Wanda ya taso yana jin labarin karagar sarauta, ya san darajar kayan gado a fada, zai daɗe a tsaye gaban kujerar nan. Ni dai ta fi taɓa ni a kan duk zinariyar da ke cikin ginin.

Sai dai akwai abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya biya. Westminster maƙabarta ce cikin ɗaki. Mutum sama da 3,000 ne aka binne a ciki, sarakuna da sarauniyoyi, da masana irin su Isaac Newton da Charles Darwin, da David Livingstone wanda da yawanmu muka karanta labarinsa a makaranta, da William Wilberforce da ya yi fafutukar hana cinikin bayi. Da yawa daga cikin kaburburan su ne daɓen da ake takawa. Ɗaya tak ne ba a ɗora wa ƙafa, na sojan da ba a san sunansa ba wanda aka binne ranar 11 ga Nuwamban 1920 don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na farko, an kewaye shi da jajayen furanni. Mu da aka raina da cewa ba a taka kabari, abin yakan tsaya mana a rai. Na taɓa kai wani dattijo da muka sha zumunci da shi, muna shiga ya ga abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya dafa ni ya ce, "Ɗana, mu bi ta gefe." Haka muka yi ta raɓe-raɓe har muka fito, kuma ban ga laifinsa ba. In ka san kai ma haka zuciyarka take, ko mutum-mutumi masu yawa suna takura maka, to kuɗinka ba na nan ba ne. Ga kuma cunkoso. Hanya ɗaya ake bi a ciki, mutane kafaɗa da kafaɗa, kowa da na'urar bayani a kunne, musamman a watannin bazararsu.

St Paul's daban yake ta kowace fuska. Tsohon cocin da ke wurin ya ƙone a babbar gobarar Landan ta 1666, sai aka ɗora wa Christopher Wren aikin sake gini, aka fara a 1675, aka gama wajen 1710, kuma ya rayu ya ga ƙarshen aikinsa. Abin da kake saya a nan fili ne da haske da tsawo. Ƙubbar ta kai mita 111 daga ƙasa zuwa ƙoli, kuma ana hawanta. Bayan matakala 257 za ka iso barandar da ke zagaye cikin ƙubbar, inda in mutum ya yi raɗa a jikin bango wanda ke ɗaya ɓangaren zai ji shi. Yara suna son wannan ƙwarai. A matakala ta 376 ka fito waje ka sha iska, a ta 528 kuma kana can ƙololuwa, kogin Thames da gadojinsa da dukan birnin a shimfiɗe a gabanka. Kaburbura akwai su, na jaruman yaƙinsu Nelson da Wellington da shi kansa Wren, amma suna ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya ga dama ya sauka, wanda bai so ba ya tsaya sama. A nan aka yi jana'izar Winston Churchill a 1965, da ɗaurin auren Charles da Diana a 1981, kuma Martin Luther King ya yi wa'azi a cikinsa a Disamban 1964 a kan hanyarsa ta karɓar kyautar Nobel.

Illarsa ɗaya ce, amma babba. Rabin darajar tikitin a hawan ƙubbar yake, kuma babu na'urar ɗaga mutum zuwa can. Matakalar ƙarshe ta ƙarfe ce, matsattsiya, tana murɗawa. Mai ciwon gwiwa, da mai juna biyu, da wanda tsayi ke sa wa jiri, za su biya cikakken kuɗi su ci rabin moriya. Don haka in da Hajiya ko Baba za ka je, kuma tarihin sarauta ne ke ransu, Westminster ya fi dacewa. In matasa ne ko iyali mai yara da suka tasa, St Paul's. Da za a tsare ni a ce in zaɓi ɗaya ga baƙon da bai taɓa zuwa ba, St Paul's zan ɗauka, domin mutum yana fitowa ya fahimci yadda birnin yake kwance, ga shi kuma tikitinsa yakan ɗan fi sauƙi.

A yi hattara da suna. Akwai Westminster Cathedral, wanda ba shi ne Westminster Abbey ba, kuma baƙi da dama sukan rikita su. Shi na 'yan Katolika ne, yana kusa da tashar Victoria, tafiyar kamar minti 15 a ƙafa daga ɗan'uwansa. An aza harsashinsa a 1895, da jan bulo mai ratsin farin dutse, irin ginin Rumawan gabas. Shiga kyauta ne. Ƙasan bangonsa ya sha marmara kala-kala, saman kuwa har yau baƙin bulo ne tsirara domin ba a ƙarasa adon ba, kuma wannan duhun na sama yana ba wurin wani kwarjini da ban samu a sauran ba. Hasumiyarsa tana da na'urar hawa a kan ɗan kuɗi kaɗan, saboda haka tsohon da ba zai iya matakalar St Paul's ba zai iya ganin birni daga nan ranar da take buɗe.

A ƙetaren kogi, gab da gadar London Bridge da kasuwar Borough, akwai Southwark Cathedral, shi ma ba a sayar da tikiti, sai dai akwatin gudummawa. An soma gininsa wajen 1220, a cikinsa aka yi wa John Harvard baftisma a 1607, mutumin da jami'ar Harvard ta Amurka ke ɗauke da sunansa. Awa ɗaya ta ishe ka, ka fito ka ci abinci a kasuwa. Ƙananan majami'u kuwa ba su ƙirguwa. St Stephen Walbrook yana da ƙubbar da Wren ya gina kafin ta St Paul's, All Hallows da ke kusa da tsohuwar fadar Tower of London yana da daɓen zamanin Rumawa a ƙarƙashinsa. Temple Church, mai zagayayyen gini na 1185, yakan karɓi 'yan fam kaɗan. Ko a Westminster Abbey akwai abin gani daga waje ba da ko sisi ba: a saman ƙofar yamma an jera siffofin mutum 10 da aka kashe saboda addininsu a ƙarni na 20, cikinsu har da Akbishop Janani Luwum na Yuganda da aka kashe a 1977 zamanin Idi Amin.

Wasu za su gaya maka dabarar shiga manyan biyun kyauta ita ce ka je lokacin addu'ar yamma, wajen ƙarfe 5. Gaskiya ne ba a karɓar kuɗi a hannun mai zuwa ibada, kuma ga 'yan'uwa Kirista wannan ita ce hanya mafi kyau ta sanin wurin, a ji muryoyin mawaƙa suna cika ginin. Amma zama ake yi wuri ɗaya, ba yawo, ba hoto, ana idarwa a fita. Wanda ba ibadar ce ta kai shi ba, ban ga dacewar ya fake da ita don gudun tikiti ba, kamar yadda ba za mu so a yi wa masallaci haka ba.

Ranar Lahadi duka biyun ba sa karɓar 'yan yawon buɗe ido, kuma taron gwamnati ko na fada yakan sa a rufe su a wasu ranakun, saboda haka a duba shafinsu na intanet kafin a fito, a sayi tikitin a can, a kama sahun farko na safe. Katin London Pass yana haɗa su da wasu wurare, amma ba ya biyan kansa sai in za ka zaga wurare uku ko huɗu masu tsada a yini. Ba a cire takalmi, mace da mayafinta ko hijabinta babu mai ce mata komai, namiji kuwa a al'adarsu yakan cire hula a cikin coci, don haka kada ka yi mamaki in ma'aikaci ya yi maka magana cikin ladabi. Lokaci zuwa lokaci za a ji sanarwa a yi shiru don gajeriyar addu'a, sai a tsaya cik minti ɗaya ko biyu. In kuma azahar ta riske ka a St Paul's, babban masallacin gabashin Landan da ke Whitechapel ba shi da nisa a jirgin ƙarƙashin ƙasa.