Gidan cin kifin da ba a shiga da bindiga, ko kai waye

Daren Asabar muka je cin kifi ni da maiɗakina da yara biyu a wani gidan abinci a Plateau nan Yamai, gaskiya abincin ya yi amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne ƙofarsu.

Gardi biyu ne a bakin ƙofa, ɗaya riƙe da na'urar nan da ake shafa wa mutum a jiki, makullin mota ma sai ta yi ƙara ka ciro ka nuna. Muna tsaye sai ga wani babban mutum da mai tsaronsa, bindiga a ƙugu ƙarƙashin riga, na'ura ta yi kuka, ya ce ai yana da takardar izini. Gardin bai ɗaga murya ba wallahi, ya ce "ranka ya daɗe takardarka na nan daram, amma dokar gidan nan ƙarfe ba ya wuce ƙofa, ko ya jira a mota ko ku yi haƙuri." Mai tsaron ya koma mota, maigidan ya shiga shi kaɗai. Nan take hankalina ya kwanta, na bar yara suka ruga cikin fili.

Wanda ya daɗe a garin nan bai manta Janairun 2011 ba da aka shiga gidan abinci a wannan Plateau ɗin aka ɗauke samari Faransawa biyu, ga kuma harin gidan abincin Cappuccino a Wagadugu 2016. Na san gardi da na'ura ba za su tare irin waɗannan ba, amma rigimar tebur fa, mutum biyu su yi sa-in-sa ɗaya da bindiga a jiki, wannan ƙofa na iya hanawa. Ko a Amurka da tsarin mulki ya ba su 'yancin riƙe bindiga, bayan kotun ƙoli ta soke dokar jihar New York kan yawo da bindiga a 2022 sai jihar ta fito da sabuwa ta hana shiga da ita dandalin Times Square da jirgin ƙasa da gidajen abinci masu sayar da giya, ko kana da lasisi.

Giwan ruwan da aka gasa mana ya ji yaji da albasa, ga dambun zogale a gefe, bisab mai sanyi sosai, sai dai mun jira kusan awa guda har ƙaramar ta fara gyangyaɗi.

Abin da ya ɓata min rai ɗaya ne, babu mace cikin masu binciken. Namiji ne ya buɗe jakar maiɗakina yana juya kayanta gaban mutane, ta ji kunya ƙwarai kuma ni ma ban ji daɗi ba. Na samu manajan na ce masa don Allah su ɗauki mace ko guda, ya ce zai kai maganar gaba. Ƙarshen wata za mu koma in sha Allah, jakar zan fara dubawa wa zai buɗe.