Faranti tara a Legas: ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sana'ar girkin biki da suna da walima a Birnin Kebbi, kuma a tsawon wannan lokaci ma'aunin da na sani na abinci mai kyau shi ne baƙi su ci su ƙoshi, sannan washegari a aiko ana tambayar wadda ta dafa. Da wannan ido na amsa gayyatar ƙanena da ke aiki a Legas, lokacin da ya ce ya kama mana wuri a wani gidan abinci na alfarma da ke unguwar Victoria Island, inda ba a miƙa wa mutum takardar zaɓi, sai dai a jero masa ƙananan faranti tara ɗaya bayan ɗaya kamar yadda babban kuku ya tsara. Mako uku ke nan da dawowata, kuma har yanzu abokan sana'ata ba su daina tambayata ko abin ya ci kuɗinsa ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta amsar sau ɗaya, dalla-dalla.

Kuɗin mutum ɗaya, kafin a ɗora komai a kai, ya haura naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a ƙasar nan a watan Yulin 2024. Da rasit ya zo sai ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, ga harajin kashi 5 da jihar Legas ke karɓa a otal-otal da gidajen abinci, ga kuma kashi 10 da gidan ya ɗora a matsayin ladan hidima. Idan aka haɗa, abin da ya ƙaru ya fi kashi ɗaya cikin biyar na ainihin farashin, kuma ba a faɗa wa ƙanena wannan a waya ba, duk da cewa an karɓi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami tun kwana huɗu kafin ranar. Duk mai niyyar zuwa irin wannan wuri ya tambayi jimlar kuɗin baki ɗaya kafin ya tura ko sisi.

Wannan tsari, wanda zan kira jerin ɗanɗano, ba a Najeriya aka ƙirƙire shi ba. Ya bunƙasa ne a manyan gidajen abinci na Faransa, kuma Japanawa suna da irin nasu da suke kira omakase, ma'ana na bar maka zaɓi. Abin da ya ƙara masa martaba a duniya shi ne taurarin Michelin, kamfanin tayar mota na Faransa wanda ya fara buga littafin jagorar matafiya a 1900 domin mutane su riƙa yawo da mota, sannan ya fara bai wa gidajen abinci tauraro a matsayin lambar yabo a 1926. Masu binciken kamfanin suna zuwa su ci ba tare da sun bayyana kansu ba. Littafin bai shigo Najeriya ba, don haka a nan babu wani alƙali na waje da ke tantance wanda ya cancanci ya tsawwala farashi da wanda kawai ya sayi fitilu masu kyau da kujeru masu laushi. Harshen mai ci ne kaɗai alƙali.

Mun zauna ƙarfe bakwai da rabi, bayan mun yi sallar Magariba. Farantin farko masa ce guda ɗaya, ba ta wuce faɗin bakin kofin shayi ba, an ɗora mata dakakken busasshen kifi da ɗigon zuma. Ta yi kyau a ido ƙwarai, amma da na gutsura na san ƙullun bai kwana ba. Masar da aka jiƙa shinkafarta aka niƙa, aka bar ƙullun ya kwana ya tashi, tana da wani ɗan tsami da laushin ciki mai huji-huji, wanda duk yarinyar da ta taɓa zama gaban tanda a Jega ko Argungu ta san shi. Wannan kuwa hodar tashi ce ta kumbura ta cikin gaggawa. Faranti na biyu da na uku, kwaɗon ganye da gyaɗa, da wata miyar kabewa da aka tace ta yi sumul, ba su da laifi, amma ban ga abin da zan ɗauko daga cikinsu ba.

Faranti na huɗu ne ya canza mini daren. Yanki ne na giwan ruwa, tsawonsa kamar yatsu uku, fatar ta soyu har tana ƙaras a ƙarƙashin cokali, tsokar kuma fara tas, tana rabuwa falle-falle da ɗan taɓawa, da ruwanta a jiki. A ƙarƙashinsa an zuba wani romo mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, wanda da ƙamshinsa ya bugi hancina na gane daddawa ce da man shanu, amma babu wannan ƙarfin warin da ke sa wasu baƙi su ture kwano. Na tashi a jihar da ake bikin kamun kifi na Argungu tun 1934, inda giwan ruwa shi ne sarkin kifaye, na soya shi ya fi a ƙirga, amma ban taɓa cin sa haka ba. Mu muna soya kifi ne har ya bushe ƙamas, kuma da dalilinmu, domin abincin biki sai ya yi awa huɗu ko biyar a cikin kula kafin ya kai bakin baƙo, kuma kifin da bai soyu sosai ba ba zai jure zafin Kebbi ba. Sai dai wannan larura ta zame mana ɗabi'a, har muka manta cewa kifin da za a ci nan take ba ya bukatar wannan azaba.

Na roƙi mai kawo abincin ya tambayo mini yadda aka yi romon, sai ga babban kukun ya fito da kansa, matashi ne mai ladabi, ya tsaya ya yi mini bayani ba tare da ɓoye komai ba. Ana gasa daddawar sama-sama a busasshen kasko, a zuba ta cikin romon kai da ƙayar kifin da aka dafa a kan ƙaramar wuta na tsawon awanni, a tace da ƙyalle mai tsabta, a mayar kan wuta har ya ƙone ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, sannan a sauke a riƙa jefa man shanu mai sanyi kaɗan-kaɗan ana kaɗawa. Ita kuma fatar kifin ana barin ta a buɗe cikin firiji tun safe domin ta sha iska ta bushe, sannan a kwantar da ita a kasko a danne, ba a juyawa sai daf da saukewa. Cokali uku na romo ne a farantin, amma aikin wuni guda ne a cikinsu.

Ƙanena ya lura na yi shiru, ya ce, "Yaya, ko santi ne ya hana ki magana?" Maganarsa ta tuna mini da Adejoke Bakare, 'yar Najeriya da ta tashi a Kaduna, wadda gidan abincinta da ke Landan ya samu tauraron Michelin a watan Fabrairun 2024, ta zama baƙar mace ta farko da ta samu wannan a Birtaniya. Sunan gidan nata Chishuru, daga Hausar nan tamu ta "ci shiru", wato shirun da ke sauka a kan masu ci idan abinci ya kai abinci, kuma sinasir na cikin abubuwan da ta ciyar da Turawa. Da wannan ma'auni na auna sauran daren, kuma sau uku kacal shirun ya sauka cikin tara: a kan kifin, a kan wani naman rago da aka dafa har ya narke aka yayyafa masa yaji da ƙuli-ƙuli aka ɗora a kan acca, sai kuma a kan na ƙarshe, askirim da aka yi da gasasshen gero da nono da citta, wanda ɗanɗanonsa fura ce sak, sai dai ta zo da sanyi da santsin da ban san gero zai iya bayarwa ba.

Akwai abin da ya ɓata mini rai, kuma ya shafi duk Musulmin da zai je irin wannan wuri. A al'adar waɗannan gidaje ana haɗa kowane faranti da irin giyar da suke ganin ta dace da shi, kuma wasu miya ana dafa su da giya. Ƙanena ya faɗa musu tun lokacin kama wuri cewa ba ma sha kuma ba ma cin abin da aka dafa da ita. A ɓangaren abin sha sun kyauta, sun kawo zoɓo da tsamiya da kunun aya a ƙananan kofuna. Amma da aka zo faranti na shida, sai da na sake tambaya kafin mai kawowa ya koma kicin ya dawo yana ba da haƙuri, ya ɗauke farantin, bayan kusan minti ashirin aka kawo mana gasasshen dankali da ɗan ganye a madadinsa. A bayyane yake cewa ba a shirya mana komai ba, kuma ba a rage ko naira ɗaya ba. Wanda ya karɓe wa mutum 'yancin zaɓi ya ɗauki amanar sanin abin da mutumin ba ya ci, kuma kwana huɗu sun isa a shirya.

A matsayina na mai lissafin cefane kullum, na zauna na ƙiyasta kayan da suka shiga cikina a daren, kuma a ganina ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ba. Wannan bai sa na ce an cuce mu ba, domin na ga inda sauran suka tafi. Teburan ba su da yawa, kuma wanda ya zauna ya zauna ke nan har a tashi, ba a sake sayar da kujerarsa a daren. Ta tagar kicin na hango matasa da dama, kowa ya duƙufa a kan abu ɗaya, wani ma aikinsa kawai jera ganye da ɗan hantsaki. Ga hayar gida a wannan unguwa, ga man janareta, ga wankin faranti tara da cokula tara na kowane baƙo. Shi ma gidan yana da riba a tsarin, tunda ya san adadin masu zuwa da abin da za su ci, ba ya sayen kayan da za su lalace. Duk da haka sana'ar ba ta da sauƙi ko a ƙasashen masu kuɗi, domin a watan Janairun 2023 René Redzepi, mai gidan Noma na ƙasar Denmak wanda aka sha zaɓa a matsayin na ɗaya a duniya, ya bayyana cewa wannan salon aiki ba mai ɗorewa ba ne saboda tsadarsa da wahalar da yake ɗora wa ma'aikata. Kuɗin aikin hannu da lokaci ake biya a nan, kuma ni da nake biyan 'yan aiki bayan kowane biki ba zan raina wannan ba.

Abin da kuɗin bai saya ba shi ne zaman cin abinci irin wanda muka sani. Na ƙoshi daidai gwargwado, wannan ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce babu ƙari: kifin da na so na samu loma uku, miyar kabewar da ban damu da ita ba ita ma sai da na jira ta wuce. Ba a haɗa hannu a kwano ɗaya, ba ka tura wa ɗan'uwanka tsokar da ta fi kyau. Na yi wata takwas ban ga ƙanena ba, amma sau tara ana katse mana hira domin a yi mana bayanin abin da ke gabanmu, har muka tashi ƙarfe goma sha ɗaya saura ba mu gama maganar gida ba. A cikin wannan bayani kuma na ji abin da ya sosa mini zuciya. An faɗa mana sunan yankin Faransa da wani cuku ya fito, amma da aka zo kan shinkafa da albasa da gero sai aka ce "daga Arewa" kawai. Legas ta san shinkafar Kebbi, tunda jihohin biyu sun haɗa hannu sun fitar da Lake Rice a 2016, kuma duk ɗan kasuwar albasa ya san Aliero. Gidan da ke karɓar wannan kuɗi da sunan ɗaukaka abincin gida ya kamata ya san garin da manominsa yake, ya kuma faɗe shi da bakinsa.

Da na dawo na faɗa wa Inna kuɗin, ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar nan, buhun shinkafa guda kuka cinye a zama ɗaya?" Ban yi mata musu ba. Ranar Juma'ar da ta biyo baya na sa aka kawo mini ɗanyen giwan ruwa daga Yauri, na bi abin da kukun ya faɗa mini tun daga gasa daddawa har zuwa kaɗa man shanu. Karon farko romon ya tsinke, man ya taso sama, saboda ban bari tukunyar ta huce ba. Karo na biyu ya kama. Na zuba wa Inna a kan tuwon shinkafa, yanki babba, ta ci ba ta ce uffan ba har ta suɗe kwanon, sannan ta tambaya ko da saura.

Amsata ga abokan sana'a ita ce, ga mai girki da ke neman ilimi, zuwa sau ɗaya ya biya, domin romon nan kaɗai ya riga ya shiga cikin abin da nake yi wa ƙananan walimomi na mutum ashirin zuwa talatin, inda ake ci da zafinsa. Ga wanda yake son ya karrama iyayensa ko ya zauna da iyalinsa su yi hira su ƙoshi, ban ba shi shawara ba, gara ya je inda zai zaɓi abin da ransa ke so ya kuma nemi ƙari. Gidan yana da gajeren jeri na faranti biyar a kan kuɗin da bai kai wannan ba, kuma kifin da naman ragon duk suna ciki. Idan Allah ya sake kai ni Legas shi zan nema, kuma zan sa a rubuta mini a saƙon waya, kafin in biya, abin da za a kawo a madadin duk farantin da aka dafa da giya.