Bindigar farauta mai sakata, mai araha: yadda na same ta a filin saiti da kuma daji

Masu ƙera bindigar farauta mai araha sun san inda za su tsuke hannu, sun kuma san inda ba su isa su taɓa ba. Wadda nake riƙe da ita mai sakata ce, tana cin harsashin .308 Winchester, bututunta inci 22, ƙotarta baƙar roba, gidan harsashinta na cirewa mai ɗaukar huɗu. Ba madubin saiti nauyinta bai wuce kilo 3 ba. Idan ka gan ta a jingine ba za ka sake waiwayenta ba, araha ba ta ado. Na daɗe ina harbi da ita, a kan tebur da kuma a daji, da harsashin kamfani da wanda na haɗa da hannuna. Duk abin da zan faɗa na wurin da doka ta ba da lasisin bindiga ne, ta kuma yarda mutum ya haɗa harsashinsa, domin ƙasashe da yawa ba su yarda da na biyun ba.

Ƙarfen nata ba shi da abin kushe. Sakatar tana da haƙora biyu a gaba masu kullewa idan ka danna hannunta ƙasa, tsarin da ya yi suna tun bindigar Paul Mauser ta 1898. Bututun kuma da wani babban noti aka ɗaure shi a jikin gangar, dabarar da kamfanin Savage ya yi suna da ita a samfurinsa na 110 na 1958, wasu kamfanoni suka bi sahu daga baya. Amfanin notin shi ne a masana'anta ana murɗa bututu har ya zauna daidai a kan ma'auni, sai a ɗaure, ba sai ƙwararren maƙeri ya zauna yana sassaƙa kowace bindiga ita kaɗai ba. Kuɗin aiki ya ragu, ratar da ke tsakanin fuskar sakata da ɗakin harsashi kuma ta fito daidai. Abin da ya sa ke nan bindigogin wannan layi suke harbi fiye da yadda kamanninsu ke nunawa.

Inda aka tsuke hannu shi ne ƙota. Ana cewa bututun a sake yake, bai taɓa ƙota ba, kuma gaskiya ne muddin bindigar na kwance ba wanda ya taɓa ta: za ka zura takarda a ƙarƙashinsa ta wuce sumul har gindi. Amma ka matsa goshin ƙotar da babban yatsa, sai ka ga robar ta lanƙwasa ta taɓa ƙarfe ta gefen hagu. Da na ɗaura mata ƙafafu biyu na jingina da ƙarfi, harsashi sai ya riƙa tashi sama, wani lokaci ya karkata. A kan buhun yashi, idan an sa shi kusa da gidan harsashi, matsalar ba ta fitowa. Na naɗa takardar yashi a jikin ɗan sanda na goge kwarin da bututun ke kwanciya har ratar ta ƙaru, na kuma ɗaure sukurori biyu na ganga da ma'aunin ɗauri gwargwadon abin da littafin bindigar ya ce. Wannan ɗan aikin ya fi duk wani abin da na saya mata daga baya tasiri.

Sakatar ta zo da kaushi, tana ƙugi in ana ja, amma da amfani da ɗan man shafawa ta lafa. Kunama ta ɗan yi nauyi, sai dai tana tsinkewa tsaf ba ja-ja. Baƙin fentin ƙarfen kuwa ba ya jure gumi ko raɓa: ka bar ta a jaka dare ɗaya bayan yayyafi, da safe za ka ga ɗigon tsatsa ja a inda tafin hannu ya riƙe.

Maganar daidaito ita ce inda ake yawan ruɗin mutane. Maharba suna auna shi da MOA, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri, wanda ya kama inci 1.047 a yadi 100, ko kusan santimita 2.9 a mita 100. Kamfanoni da yawa na alƙawarin MOA ɗaya, amma galibi da harbi uku suke nufi. Harbi uku ba ya faɗin gaskiya duka. Ko bindiga mai watsa harsashi takan haɗa uku wuri ɗaya lokaci zuwa lokaci, mai ita ya ɗau hoto ya ajiye, sauran takardun ya jefa a shara. Ni da biyar nake aunawa, kuma ina maimaitawa a kan takarda ɗaya. Da harsashin kamfani na gama-gari mai nauyin giren 150 (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne), abin da take yi a mita 100 yana tsakanin santimita 4 zuwa 5. Ba abin kunya ba ne, kuma ya wadatar ga farauta, amma ba shi ne abin da ake gani a talla ba.

Akwai kuma ɗabi'ar da ba za ta canja ba. Bututun siriri ne, don a rage nauyi. Harbi uku na farko sukan kwanta kusa da juna, na huɗu da na biyar sai su fara zamewa saboda ƙarfe ya yi zafi. Idan na jira har na iya riƙe bututun da hannu ba ƙuna, sai komai ya dawo daidai. Wanda ke son ya zauna yana ɓarin wuta a jere a gasa, ba tasa ba ce. Abin da ya fi damuna shi ne inda harbin farko ke sauka daga bututu mai sanyi, kuma a nan ta burge ni, domin yana faɗawa cikin 'yan'uwansa. Sharaɗi ɗaya ne: bayan wankin bututu da mai, harbin farko yakan kauce kaɗan, don haka nakan yi harbi ɗaya ko biyu a takarda kafin in fita da ita.

Haɗa harsashi a gida shi ne ya nuna mini iyakarta. Aikin dai sananne ne ga masu yinsa: a tsabtace kwanson da aka harba, a matse shi ya koma girmansa, a sa sabuwar firama, wato abin da ke kunna albarushi, a auna albarushi, a dasa kan harsashi. Kwanson .308 yana ƙara tsawo da kowane harbi, iyakarsa inci 2.015, ana datse shi ya dawo 2.005. Wanda ya yi sakaci da wannan, bakin kwanso na iya cushewa a maƙogwaron bututu ya riƙe harsashi, matsi ya haura. Hukumar SAAMI ta Amurka ta sa iyakar matsin wannan harsashi a psi 62,000, kuma da wuya a samu mai na'urar auna wannan a ɗakinsa. Shi ya sa ba zan rubuta yawan albarushin da nake zubawa ba. Abin da ya zauna lafiya a bututuna yana iya wuce kima a na wani. Littattafan kamfanonin Hornady, Lyman da Sierra, da jadawalin Hodgdon, sun ba da mafari da iyaka. Daga mafari ake tashi, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Na gwada albarushin Varget da na IMR 4064, waɗanda duk mai haɗa .308 ya san su, na tsaya a kan Varget saboda gudun harsashi da shi bai cika canjawa tsakanin sanyin asuba da zafin rana ba. Murɗin da ke cikin bututun zagaye ɗaya ne a inci 10, yana riƙe giren 150 har 180 ba matsala, amma tawa ta fi son 165. Da shi harbi biyar ya dawo wajen santimita 3, kuma abin da ya fi daɗi, haka yake yi yau, haka gobe. Wani abin lura: maƙogwaron bututun dogo ne, masu son kan harsashi ya kusanci zanen murɗi za su so su dasa shi a waje sosai, amma gidan harsashin ba ya karɓar abin da ya wuce inci 2.8 da kaɗan. Na bar shi a tsayin da littafi ya ce, ban ga ta nuna damuwa ba.

Mutane sukan dogara da alamomin matsi: firama ta baje, sakata ta yi tauri wajen ɗagawa, tabo mai sheƙi a gindin kwanso. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya tsaya nan take. Amma sau da yawa kafin su bayyana an riga an wuce iyaka. Na'urar auna gudun harsashi ta fi su gaskiya. Idan gudunka ya zarce na littafi, alhali bututunka ya fi nasu gajarta, to matsinka ma ya zarce. Batun tsimi kuma, kada kowa ya yaudari kansa. Injin matsi, sikeli, ma'aunin tsayi da madatsi duk kuɗi ne, kuma da harsashi ya yi sauƙi sai yawan harbi ya ƙaru.

Kan harsashin gasa mai giren 168 ya fi kowanne kyau a takarda, amma ban taɓa ɗaukarsa zuwa daji ba. Sierra da kanta ba ta ba da shawarar a yi farauta da kan harsashinta na gasa, MatchKing, ba, domin ba a ƙera shi ya buɗe yadda ya kamata a jikin dabba ba. Gara mai taushin baki wanda ya ɗan fi watsuwa a takarda amma yana kashewa da wuri, dabba ba ta tafi da rauni ba. Harsashin farauta kuma ina matse kwansonsa gaba ɗaya, ba wuya kaɗai ba, sannan in bi da kowanne ta cikin bindigar a filin saiti, baki na kallon tudun kariya, in tabbatar sakata na rufewa ba gardama.

A daji rashin nauyinta alheri ne ga kafaɗa wajen tafiya, amma kafaɗar ce ke biya wajen harbi, domin tana tokari sosai, ko da yake robar gindin ƙotar mai taushi ce. Ƙaya ta karce ta, dutse ya goge ta, raina bai taɓa ɓaci ba, abin da ba zan iya faɗa ba da ƙotar katako ce mai sheƙi. Abin haushi shi ne ƙara. Ƙotar fanko ce a ciki, reshe ya taɓa ta sai ta amsa kamar ganga, har sai da na cusa mata soso. Gidan harsashin kuma dole ka danna shi har ka ji ƙas, in ba haka ba sakata za ta bi ta saman harsashi ta rufe a kan ɗaki wayam.

Na saita ta a mita 100. A 200 harsashin na sauka da santimita goma da 'yan kai, a 300 ya haura 40, iska kuma ta fara wasa da shi. Bindigar za ta iya kaiwa can daga kan tebur, amma a jingine da itace, numfashi na hawa da sauka, ni ba na wuce 200 a kan abu mai rai. Madubin da aka haɗo ta da shi na cire, domin yana dushewa da magariba, lokacin da dabba ta fi fitowa, zobban da ke riƙe shi kuma suna saki. Na sa wanda ya kusa kai kuɗin bindigar kanta, da zobba na ƙarfe, kuma tun daga nan saitin bai motsa ba. Abin da ya rage a jerin gyarana shi ne ƙota mai tauri, idan na samu wadda ba za ta ƙara mata nauyi da yawa ba.