Batirin Tirelar Zango: Wanne Za Ka Saya, Kuma Ta Ina Caji Zai Shiga?

Yawancin masu shirin haɗa wuta a tirelar zango, wato tirelar da mota ke ja don a kwana a cikinta a wajen gari, da batir suke fara tambaya: wanne ya fi, kuma mai Ah nawa zan ɗauka? Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa, wato amfiya sau awa. Tambaya ce mai kyau, amma ta yi gaggawa. Na sha ganin batir mai tsada ya mutu bai cika shekara biyu ba, da aka bincika sai aka tarar tun ranar da aka ɗaura shi bai taɓa cika ba. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan hanyar da caji ke bi kafin ya kai ga batirin.

Ka fara da lissafin abin da kake ci a yini. Firjin tafiya mai kwamfureso yakan ja amfiya 3 zuwa 5 idan ya tashi, sai dai yana yi yana hutawa, don haka a awa 24 yakan ci Ah 30 zuwa 50, gwargwadon zafin gari da yawan buɗe shi. Ka ƙara fitilu, famfon ruwa da cajin wayoyi, za ka ga ka doshi Ah 55. Wannan adadin shi ne ma'auninka, da shi za ka gwada duk abin da mai sayarwa ya miƙo maka.

Batirin ruwa, irin wanda ake buɗe wa murfi a ƙara masa ruwa, ka cire shi daga lissafi. Hanya mai gargada za ta sa ya riƙa zubar da asid, ga iskar haidurojin da yake fitarwa yayin caji, wadda ke kama wuta a rufaffen akwati. Batirin tayar da inji ma ba nasa aikin ba ne, an ƙera shi ne don ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu. Zaɓi na gaske biyu ne: AGM da litiyam nau'in LiFePO4.

AGM batirin dalma ne a rufe, ba ya zuba, yana jure jijjiga, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Matsalarsa ita ce rubutun jikinsa ba shi ne abin da za ka samu ba. Idan kana so ya yi ƙarko, kada ka riƙa shanye fiye da rabinsa, wato mai Ah 100 abin da kake da shi a hannu Ah 50 ne. Ka duba ma'aunin da muka fitar, ko yini guda bai cika ba. Ga nauyi, guda ɗaya yana kai kilo 30, biyu kuwa kilo 60 a gaban tirela, kuma wani kaso na nauyin a kan ƙugiyar motarka zai sauka. Litiyam mai Ah 100 bai wuce kilo 11 zuwa 14 ba, yana ba ka Ah 80 zuwa 90 ba tare da ya cutu ba, yana shan caji da sauri, kuma yakan jure cika da saukewa sau 2,000 ko fiye, inda AGM ke tsayawa a ɗaruruwa. Yana da nasa sharuɗɗan. Ba a caja shi idan sanyi ya kai ƙasa da digiri 0, don haka ka tabbata na'urar kariya da ke cikinsa, wadda ake kira BMS, tana yanke caji a irin wannan yanayi. Sannan ƙarfin wutarsa yana zama kusa da bolt 13 kusan har ya ƙare, ba za ka gane saura nawa ba ta duba bolt kawai, sai ka saka mita mai ƙirga amfiyar da ta shiga da wadda ta fita. A ganina, wanda ke fita sau biyu ko uku a shekara ya kwana ɗaya ya dawo, AGM ya ishe shi. Mai yin kwanaki a daji da firji a kunne, litiyam ne nasa.

Yanzu ga inda ake yawan faɗuwa. Hanya mafi arha ita ce ɗauko caji ta soket ɗin fitilun tirela mai baki 7. Wayar da ke ciki siririya ce, an yi ta ne don fitilu, kuma abin da zai isa batirin bayan doguwar tafiya bai taka kara ya karya ba. Za ka yi tuƙin awa shida ka sauka da batir rabi.

Hanya ta biyu ita ce rile mai raba batira. Idan inji ya tashi wuta ta kai wajen bolt 13.3 sai ya haɗa batirin mota da na tirela, idan ta sauka wajen 12.8 sai ya raba su, don kada firji ya shanye batirin da zai tayar da motarka. Yana da sauƙi, ba ya yawan lalacewa, amma ba ya ƙara komai: abin da altaneta, na'urar da ke caja batirin mota idan inji na aiki, ta bayar, bayan waya ta ci nata, shi ne zai isa. AGM kuwa yana buƙatar bolt 14.4 zuwa 14.7 kafin ya cika. A sababbin motoci da yawa kwamfuta ce ke sarrafa altaneta don rage shan mai, da zarar batirin mota ya cika sai ta sauke wuta ƙasa da bolt 13, rilen ya saki, kai kana tuƙi kana zaton caji ake yi. Da litiyam ma ba su jituwa, domin yana iya jan amfiya fiye da abin da waya da altaneta za su ɗauka.

Ta uku, wadda nake ba da shawara a kai, ita ce cajar DC-DC. Tana karɓar wutar da ta iso ko da ta yi rauni a hanya, ta ɗaga ta zuwa daidai abin da nau'in batirinka ke so, ta kuma taƙaita amfiya. Ana ɗaura ta a cikin tirela kusa da batirin, inda iska ke ratsawa, domin idan ta yi zafi takan rage abin da take bayarwa. Mai amfiya 25 za ta maido da Ah 55 a batirin litiyam cikin awa biyu da 'yan mintoci. AGM zai fi haka daɗewa saboda ƙarshen cajinsa a hankali yake shiga. Wajen saye ka duba ko tana da mashigar sola. Redarc BCDC1225D mai amfiya 25 da CTEK D250SE mai amfiya 20 suna da ita, Victron Orion-Tr Smart mai amfiya 30 ba ta da ita, sai ka sayi na'urar sola daban. Idan motarka mai sabuwar altaneta ce, ka tambaya ko cajar na buƙatar siririyar waya daga makullin mota da za ta sanar da ita inji ya tashi.

Ko da cajar, waya sai ta yi kauri. Daga gaban mota zuwa akwatin tirela ana iya samun mita 8, wuta kuma zuwa take yi ta dawo, mita 16 ke nan. Idan amfiya 25 ta bi wayar jan ƙarfe mai kaurin 6mm², za a yi asarar kusan bolt 1.2 a hanya. A mai 16mm² asarar ba ta kai rabin bolt ba. Ka tuna kuma cajar tana jan fiye da abin da take fitarwa, mai 25 tana iya jan 30 ko sama. Wajen saye ka sa a yanka maka bakin wayar ka ga jan ƙarfen da idonka, wata kaurin nata duk roba ne. Ka ja jar waya da baƙa duka biyu har ƙarshe, kada ka dogara da ƙugiyar tirela a matsayin hanyar dawowar wuta, ga giris, ga tsatsa, ga motsi. A mahaɗar mota da tirela ka sa fulogin Anderson mai amfiya 50, da murfin roba saboda ƙura.

Fis kuwa ba abin ciniki ba ne. Aikinsa kare waya, kuma tunda batir ne a kowane ƙarshe, kowanne sai an sa masa nasa a kan jar waya, kusa da kan batirin iyakar iyawa. Girman ya bi abin da takardar cajar ta faɗa. Mai amfiya 25 galibi fis mai 40 ake sa mata. Na taɓa leƙa ƙarƙashin wata tirela bayan kwana biyu a kan gargada, na ga inda waya ta ratsa hujin shasi babu robar kariya. Ƙarfen ya riga ya cinye rigar wayar, jan ƙarfen na sheƙi, saura ƙiris ya taɓa jiki. Batirin litiyam zai iya tura ɗaruruwan amfiya ta irin wannan wurin, kuma tanti da tukunyar gas suna nan kusa. Tun daga ranar duk hujin da waya za ta bi sai na sa masa roba, na ɗaure wayar a kowane taƙi biyu, kawunanta kuma matse su nake yi da abin matsa waya, domin liƙin dalma yana sa waya ta sandare ta karye a wurin jijjiga. Shi kansa batirin a ɗaure shi tam, kada ya sami wurin motsi ko kaɗan.

Idan za ka zauna wuri ɗaya fiye da kwana biyu, sola ce za ta riƙe ka. Faranti mai wat 200 ta na'urar daidaita cajin sola nau'in MPPT yakan ba da amfiya 10 zuwa 12 a tsakiyar rana, awa biyar na rana mai kyau sun kusa biyan abin da ka ci. MPPT ta fi ɗaya nau'in na'urar, PWM, tatsar wuta daga faranti ɗaya. Farantin kan rufi yana aiki ko kana tafiya, amma zai tilasta maka yada zango a rana. Mai naɗewa kuwa kana inuwa shi yana rana. Yawancin masu naɗewa suna zuwa da ƙaramar na'urarsu manne a baya, idan za ka jona a mashigar solar cajar DC-DC sai ka tsallake ta, na'ura biyu a jere ba sa aiki tare.

Kafin ka kashe ko sisi, ka ari mita ka tayar da motarka. Ka auna bolt a kan batirinta da tashin inji, ka sake aunawa bayan tuƙin minti ashirin inji na aiki. Idan wutar ta tsaya a bolt 14 ko kusa, kuma AGM za ka saka, rile da waya mai kauri za su iya riƙe ka a gajeriyar fita. Idan ka ga ta sauko ƙasa da 13, ko kuma litiyam ka zaɓa, ka ware kuɗin cajar DC-DC da wayar 16mm² tukuna, abin da ya rage shi zai nuna maka girman batirin da za ka ɗauka.