Gargaɗi ga matan Garwa da Marwa kan masu da'awar cire gashi har abada da leza

Assalamu alaikum iyayena mata, yayyena da ƙannena. Na rubuta wannan gargaɗi ne bayan na shafe makonni uku ina kai 'yar yayata asibiti ana wanke mata ƙuna a haɓa da wuya, ƙunar da ita da kanta ta biya kuɗi aka yi mata, alhali saura wata guda a ɗaura mata aure. Ba zan kama sunan kowa ba, domin maganar tana hannun hukuma, amma zan bayyana yadda damfarar take tafiya, saboda na samu labarin cewa irin wannan tallar ta fara yawo a wayoyin mata a Marwa da Kusri.

Wasu mata ne suke shigowa gari su kama ɗaki na 'yan kwanaki, su baza talla a WhatsApp da Facebook cewa sun koyo aiki a Dubai, kuma sun zo da na'urar leza, wato mai aiki da haske mai ƙarfi, mai kashe gashin fuska da na hammata da na mara a zama ɗaya, ba zai sake fitowa ba har abada. Sukan ce gurbi ya kusa cika, don haka sai an tura rabin kuɗi ta waya a matsayin kafin alƙalami. 'Yar tamu ta tura sefa dubu arba'in. Da ta je, sai aka fara shafa mata wani farin mai daga roba marar suna, aka bar shi ya daɗe har ta ce yana yi mata zafi, aka ce mata alamar yana aiki ne, sannan aka goge aka bi wurin da wata ƙaramar na'ura mai walƙiya irin wadda ake riƙewa a hannu. Ta fito fata sumul tana murna. Kashegari wurin ya yi bororo, bayan kwana goma gashin ya dawo ta tsakanin miki, lambar wayarsu kuma a kashe.

Duk wanda ya ce miki zai kawar da gashi har abada a zama ɗaya, ƙarya yake yi, ko da na'urarsa ta gaskiya ce. Gashi ba ya girma a lokaci guda. A kowane lokaci wani yana tsiro, wani yana hutawa a cikin fata, hasken leza kuwa yana illata saiwar wanda yake tsiro ne kawai. Shi ya sa ƙwararru suke yin zama shida zuwa takwas, da tazarar makonni huɗu zuwa shida a tsakani, kuma ko an kammala, abin da ake samu shi ne raguwar gashi mai ɗorewa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ma iyakar abin da ta yarda a faɗa game da leza ke nan. Hanyar da aka amince tana kashe gashi dindindin ita ce ta siririyar allura mai lantarki da ake sakawa a ramin kowane gashi ɗaya bayan ɗaya, wadda wani likitan ido mai suna Charles Michel ya bayyana a Amurka a shekarar 1875, kuma aiki ne na watanni da ke buƙatar hannun gwani da allura mai tsabta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne batun launin fatarmu, domin nan ne haɗarin yake, kuma nan ne waɗannan mutane ba su san komai ba. Hasken yana neman sinadarin da ke sa gashi baƙi ne, ya zama zafi a cikinsa ya ƙona saiwar. A jikin farar fata mai baƙin gashi, hasken yana wuce fata ya sami gashin. A jikinmu kuwa wannan sinadari yana cike a fatar kanta, saboda haka idan na'urar ba ta dace ba, fatar ce take shan zafin kafin ya kai ga saiwa. Nau'in da likitocin fata suka fi amincewa da shi ga baƙar fata shi ne wanda ake kira Nd:YAG, kuma babbar na'ura ce mai tsada da ke da tsarin sanyaya fata. Ƙaramar mai walƙiya da aka yi wa 'yarmu amfani da ita sunanta IPL, ba ma leza ba ce, kuma masu ƙera irinta da kansu suna rubutawa a takardar cikin kwali cewa kada a ɗora ta a kan fata mai duhu sosai. Ga shi kuma yawancinmu in mun ƙone wurin yakan bar baƙin tabo na watanni, wasu ma tabon ya kumbura ya yi tudu, musamman a haɓa da wuya da ƙirji.

Farin man nan kuwa shi ne asirin sumul ɗin da ake gani a ranar farko. Man cire gashi ne irin na kanti, mai sinadari mai kaifi da ke narkar da gashin da ke saman fata ba tare da ya taɓa saiwa ba, kuma 'yan mintoci kaɗan aka ƙayyade masa. Sun juye shi a roba marar suna ne don kada a gane. Idan aka bar shi ya wuce lokaci yakan ci fata, sannan a zo a ɗora walƙiya a kan fatar da ta riga ta yi rauni. Wadda take shafa man bilicin haɗarinta ya ninka, domin waɗannan mayuka suna sirantar da fata, wasunsu ma su ne suke jawo tsiron gashi a fuska tun farko.

Ina roƙon iyaye da kada su mayar da gashin haɓa abin gori ga 'ya'yansu mata, domin kunyar gorin ce ta kai 'yarmu ɗakin nan ba tare da ta shawarci kowa ba. Idan gashi mai kauri yana fitowa mace a haɓa ko ƙirji, musamman tare da rikicewar al'ada ko ƙuraje, sau da yawa matsalar daga sinadaran jiki take, kuma likitan mata ne ya kamata ya fara duba ta. Game da hammata da mara, waɗanda addini ya koyar da kada a bar su su wuce kwana arba'in, reza sabuwa ta wadatar, haka ma halawar sukari da lemun tsami da masu gyaran amare suka iya, wadda take ɗaukar makonni kafin gashi ya dawo.

Wadda ta dage sai leza, ta je wurin da yake da mazauni tabbatacce da likita a kansa, ta tambayi sunan na'urar, ta nemi a gwada a ɗan ƙaramin wuri a jira kwana biyu, ta tabbata an ba ta tabarau na kare ido, kuma kada ta tura ko sisi kafin ta ga wurin da idonta. Wadda kuma abin ya riga ya same ta, ta zuba ruwa mai sanyi a wurin na tsawon minti ashirin, kada ta shafa man goge baki ko manja ko ƙwai, kada ta fasa bororon, ta tafi asibiti a ranar. Ta ajiye saƙon tura kuɗin da hoton tallar da lambar wayar, ta kai wa 'yan sanda ko jandarma, domin da waɗannan shaidun muka shigar da namu ƙorafin. Mikin 'yarmu ya fara rufewa, amma likita ya ce baƙin tabon zai ɗauki watanni, kuma dole ta riƙa kare wurin daga rana. An ɗage bikin zuwa bayan Babbar Salla.