Wata huɗu a zauren Mushen lissafi na Birni

Ni tela ne a Zango, karatun lakol ban wuce aji shida ba. Da ƴata ta biyu, wadda take katriyam, aji na uku na kwalej, ta kawo takarda da 4 bisa 20 a lissafi, ban yi mata faɗa ba, don ni ma ban san abin da zan ce ba. Na dai buɗe kayenta, wato littafin rubutunta. Ta rubuta 3x = 750, ƙarƙashinsa kuma x = 750 − 3, wato 747. Na tambaye ta dalili, ta ce: "Baba, haka aka ce, in lamba ta tsallaka sai ta sake alama." Yarinyar da nake aika Kasuwar Dole sayen zare, ko dala ba a taɓa cutarta ba, ita ce ta rubuta wannan.

Wani abokin sana'a ya nuna min zauren wani tsohon malamin kwalej da ya yi ritaya, cikin Birni, can bayan fada. Yana koyarwa sau uku a mako, daga la'asar zuwa kiran magariba, jaka uku a wata kowane yaro. Yanzu watanmu huɗu da shi.

Ranar farko na zauna bakin ƙofa don in ga inda kuɗina za su tafi. Bai taɓa alli ba. Ya ɗauko sikelin da ya haɗa da kansa, sanda da igiya da gwangwanin madara biyu. Gefe guda ya sa kwalin ashana biyu a rufe da tsakuwa uku, ɗaya gefen tsakuwa goma sha ɗaya, sikeli ya tsaya daidai. Ya ce kowane kwali tsakuwa nawa ke ciki? Wani yaro ya miƙa hannu zai buɗe, Mushe ya ɗan buge hannun. Ya sa ƴata ta cire uku daga dama, sikeli ya karkata, yara suka yi ihu, sai ta cire uku daga hagu ya koma daidai. Saura takwas, kwali biyu, kowane huɗu. Aka buɗe, huɗu ne. Sai a lokacin ya tashi ya rubuta 2x + 3 = 11, ya ce musu babu lambar da ke tsallaka komai, abin da ka yi wa dama shi za ka yi wa hagu, ko cirewa ce ko rabawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya gano ciwon yaranmu na dala da faran, tun da a kasuwa da dala muke ƙirga, dala ɗaya kuwa faran biyar ce. Ya ba ta tambaya: kaye uku da bik na faran 100, an biya 850, nawa kaye ɗaya? Ta tsaya tana kallon rufin zaure. Sai ya juya ta da Hausa: "An ba mai kanti dala ɗari da saba'in, bik na ashirin ne." Bai rufe baki ba ta ce hamsin-hamsin. Ya ce to rubuta abin da kanki ya yi. Ta cire, ta raba, 250 ya fito. Ashe ekwasiyon ɗin tana yinsa tun tana ƴar shekara takwas, Faransanci da harafin x ne suka rufe mata ido. Ya kuma ɗora musu doka ɗaya da ba ya sassautawa: duk amsar da ka samu, mayar da ita gurbin x ka gani ko gefen biyu sun yi daidai. Da ta san wannan tun farko, 747 sau uku ba zai ba ta 750 ba, da kanta za ta kama kuskuren.

Mutum ne mai son labari. Shi ya gaya min kalmar aljabara Larabci ce, daga littafin Alkawarizmi, malamin Bagadaza na wajen shekara ta 820, kuma jabr ɗin har ɗorin karaya yake nufi. Na ji daɗin wannan, amma ranar labarin ya cinye kusan rabin awa na lokacin da muka biya.

Ga inda nake da ƙorafi. Zauren na mutum goma sha biyu ne, na ƙirga yara ashirin da uku, wasu a kan dakali suna leƙe. Ya haɗa ƴan katriyam da ƴan turwaziyam, ajin ƙarshe na kwalej, wuri guda, kuma tun da jarrabawar birebe ta gama kwalej ta matso hankalinsa ya koma kan manyan. Allon ya koɗe, na baya ba ya ganin alamar cirewa, alhali kan wannan ƴar alamar ake faɗuwa. Sikelin ma yana da iyaka, ba a auna tsakuwar da ta gaza sifili. Da aka zo kan −2x = 6 ya wuce da sauri, har yau ƴata takan rubuta 3 maimakon −3. Na yi masa magana, ya ce: "Malam tela, a yi haƙuri, bayan birebe zan koma kansu da misalin bashi." Ina jira.

Jarrabawar aji ta ƙarshe ta samu 11. Ba wani abin buga ganga ba ne, amma ta haura goma. Wanda ɗansa ke sikiyam ko sankiyam, azuzuwa biyu na farkon kwalej, ina ganin ya dakata sai oktoba in an koma lakol, zauren zai ragu. Mai ɗan katriyam ya kai shi, amma ya tura shi da wuri ya kama tabarmar gaba. Kuɗin wata kuma Mushe a ranar ɗaya ga wata yake karɓa, ba ya ɗaga ƙafa ko ga maƙwabcinsa.